Ɗaki mai alamar fanka: wa ke sa ido kan maigadinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena maigadi ne a wani kamfani da ke duba bututun mai a wajen Apapa. A ƙuryar farfajiyar akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe, da alama ruwan ɗorawa kamar fanka mai kunne uku. An ce masa kada kowa ya kusanci wurin, ba a ƙara masa komai ba. Daga baya muka ji wai kayan nukiliya ne. Shin gwamnati ta san da shi? Kuma don me za a bar irin wannan a hannun mai sanda da tocila? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, ba bam ba ne. Masu irin wannan aiki galibi suna amfani da wata 'yar ƙwaya ta sinadarin iridiyom, ba ta kai ƙwayar wake ba, a cikin tukunya mai nauyi. Da tururin da take fitarwa, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙarfe, ake ɗaukar hoton walda a jikin bututu, kamar yadda asibiti ke ɗaukar hoton ƙashi. Muddin tana kulle a tukunyarta, mai zama a bakin get ba ya cikin haɗari. In ta fito fili kuwa, riƙe ta na ɗan lokaci ya isa ya lalata hannu.

A bisa doka dole gwamnati ta sani. Hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa kuma ta fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin shigo da waɗannan kaya da ajiye su da jigilarsu, kuma tana da ikon shiga ta duba. Alhakin tsaron kayan yana wuyan mai lasisi, ko da ya ɗauko masu gadi haya. Shi kuma kamfanin gadin yana ƙarƙashin wata dokar daban ta 1986, jami'an Sibil Difens ne ke sa masa ido, kuma dokar ce ta hana masu gadinsa riƙe bindiga. To ka ga hannu biyu ne: ɗaya na duba ɗaki, ɗaya na duba kamfanin gadi. Abin da ke damuna shi ne tsakaninsu, inda mutum irin ƙanenka ke zaune, ba wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da yake tsaro.

Batun sanda da tocila ba shi ne babbar matsala ba. Tsaron irin wannan wuri hawa uku ne: a gano ɓarawo da wuri, a ɓata masa lokaci da ƙofofi da makullai, sannan masu makamai su iso kafin ya gama. Aikin maigadi shi ne na farko. Amma sai an gwada za a san ko hawan na aiki. A Amurka, duk bayan shekara uku hukumar kula da nukiliya ta ƙasar kan sa a kai harin gwaji kan kowace tashar lantarki ta nukiliya, a ga ko masu gadi za su tare su. Duk da haka, a watan Yulin 2012 wasu masu zanga-zanga uku, cikinsu har da tsohuwa 'yar shekara 82, suka yanke shingayen waya a cibiyar Y-12 ta jihar Tenesi, suka isa jikin ginin da ake ajiye yuraniyom na makamai. Bincike ya nuna wasu kyamarori sun daɗe da lalacewa ba a gyara ba. Aka kori kamfanin gadin, amma tun farko sakacin masu sa ido ne ya bar gyaran ya kwanta.

Labarin da ya fi kama da halin da muke ciki shi ne na garin Goyaniya a Brazil, 1987. An bar na'urar maganin kansa a wani tsohon asibiti, ranar da maigadi bai zo ba wasu mutum biyu suka kwashe ta, ta ƙare a wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Aka ga gari mai shuɗin haske a ciki, aka yi ta rabawa 'yan'uwa. Mutum huɗu suka mutu, har da yarinya 'yar shekara shida, sama da mutum 100,000 aka yi wa gwaji. Duk lokacin da na wuce 'yan gwangwan ɗinmu suna fasa ƙarfe da guduma ba ko safar hannu, labarin nan ke faɗo mini.

Na taɓa zuwa duba wani wurin ajiya a nan Legas. Takardu sun cika, an buga hatimi. Ina shiga ɗakin maigadi sai ga mabuɗin ɗakin ƙwayar rataye a ƙusa, saman buta da rediyo. Dattijon, mutumin kirki, ya ce tsammaninsa injin walda ne a ciki, kuma lambar da aka ba shi ta kiran gaggawa ta wani ce da ya bar aiki tuntuni.

Saboda haka ka ce wa ƙanenka ya nemi ganin jami'in kariya daga tururi na kamfanin, domin ana buƙatar mai lasisi ya naɗa shi. Ya tambaye shi wa ke da izinin buɗe ɗakin, a wane littafi ake rubuta fitar tukunyar da dawowarta, wa zai kira da ƙarfe biyun dare, kuma ya gwada lambar a gabansa. Kada ya yarda a bar masa mabuɗi shi kaɗai. In ya ga an taɓa kwaɗo, ko tukunya a yashe a waje, kada ya taɓa, ya ja baya, ya hana mutane matsowa, ya kira. In kamfani ya yi kunnen uwar shegu da tambayoyinsa, kai da kanka kana iya kai maganar gaban NNRA a rubuce.