Labulen taga daga tsohon harami

Hajiya, kin tambayi yadda za ki rufe tagogin gidan hayarki a Makka ba tare da sayen labule ba. Duba haramin maigida da ya daina sawa. Kowane ƙyalle yakan kai kusan mita 2 a tsawo, mita 1 a faɗi, ga shi yana da kauri.

Fara wanke shi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko; idan kika yanka kafin nan, labulen zai gaza. Auna faɗin tagar, ki ƙara rabinsa. Taga mai mita 1 da santimita 20 tana son ƙyalle biyu, in ba haka ba zai tsaya ƙiƙam babu tattara. Ninke sama santimita 8, ki ɗinke, nan sanda za ta shiga. A ƙasa ki yi kalmasa, ki cusa ƙananan zobban ƙarfe huɗu, don kada iskar mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ta riƙa ɗaga shi.

Inda ake kuskure shi ne a rataye farin shi kaɗai. Da dare in an kunna fitila, na waje yana ganin inuwarki. Ki haɗa shi da tsohuwar atamfa mai duhu, farin ya fuskanci rana, atamfar ta fuskanci ɗaki. Idan kika juya, ranar Makka za ta koɗar da ita nan da nan.

Wajen sandar rataye labulen, bututun roba yana lanƙwasa da nauyi, nemi na ƙarfe. Harami kuma akwai shan ƙura, sai wanki a kai a kai.