Sakataren ilimi na da ikon sayar wa jami'a filin firamare?

Tambaya

Barista, Allah ya ƙara basira. Ni ne shugaban kwamitin iyaye da al'umma na firamaren garinmu. Iyayenmu ne suka ba da filin makarantar a 1976, zamanin shirin ilimin firamare kyauta na UPE, kuma ba mu taɓa ganin takardarsa ba. Ya kai hekta huɗu. Yanzu jami'ar jiha da ta buɗe reshe a gefenmu tana son hekta uku, har da filin ƙwallo da gonar makaranta. Sakataren ilimi ya ce magana ta ƙare, an sayar, kuɗin za su shiga ƙaramar hukuma. Makon jiya 'yan safiyo suka zo suka kafa turaku. Yana da wannan ikon? Mu kuma me ya rage mana?

Amsa

Amin, Malam. Sa hannun sakataren ilimi ba ya fitar da ko taku ɗaya na filin nan daga hannun makaranta. Sai dai kada wannan ya sa ku saki jiki, domin akwai wanda doka ta ba ikon miƙa wa jami'a filin, wato gwamna, kuma in ya bi ƙa'ida da wuya kotu ta hana shi. Don haka aikinku biyu ne: ku tsayar da cinikin bayan fage, sannan ku yi amfani da lokacin da kuka samu ku karɓar wa yaranku sharuɗɗa a rubuce.

Mu fara da kalmar "sayarwa". Tun ranar 29 ga Maris, 1978, da Dokar Amfani da Ƙasa ta fara aiki, sashe na 1 ya ɗora duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ko hukuma ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani da fili, kuma shi ake miƙa wa wani in an ce an sayar. Wannan haƙƙin iri biyu ne. Akwai wanda gwamna ke bayarwa ƙarƙashin sashe na 5, akwai na gargajiya wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa ƙarƙashin sashe na 6 a wuraren da ba a ayyana su birni ba. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni, ta hanyar sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnatin jiha, kamar yadda sashe na 3 ya tanada. Kada ku ɗauka cewa don garinku ƙarami ne to karkara ne a idon doka. Jihohi da dama sun ayyana hedikwatar ƙananan hukumominsu da kewayenta a matsayin birni, kuma in garinku ya faɗa ciki, ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ta cewa a rabon filin.

Ofishin sakataren ilimi kuwa, asalinsa Dokar Ilimin Bai-ɗaya ce ta 2004. Sashe na 12 ya kafa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, a kowace jiha, sashe na 13 ya kafa hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma a ƙarƙashin kulawar SUBEB, aka bar wa majalisar kowace jiha ta tsara yadda za su gudana. Hukumar da doka ta ƙirƙira ba ta da iko sai wanda dokar ta rubuta mata. Ku nemi kwafin dokar SUBEB ta jiharku ku duba abu ɗaya: wa aka ba ikon mallakar kadara da rabuwa da ita? Galibi za ku tarar hukumar jiha ce, aikin ta ƙaramar hukuma kuma kula da malamai ne da gudanar da makarantu yau da kullum. Ko SUBEB ɗin ma ba ta rabuwa da fili da baki. Sai hukumar gudanarwarta ta zauna ta yanke shawara a rubuce, an bi dokar jiha kan rabuwa da kayan gwamnati, sannan an sami amincewar da Dokar Amfani da Ƙasa ta wajabta. Hedimasta, dagaci, har da kwamitinku, babu wanda sa hannunsa ke miƙa fili. Don haka in an kawo muku wata takarda wai ta shaida, kada ku sa mata hannu kafin lauya ya karanta, domin gobe ita za a ɗaga a ce al'umma ta yarda.

Rashin takarda ba ya nufin filin ba shi da mai shi. A Dokar Amfani da Ƙasa, sashe na 34 na birni da sashe na 36 na karkara sun ɗauki wanda ke riƙe da fili kafin 1978 tamkar an ba shi haƙƙin zama, ko da bai karɓi takardar mallaka ba. Filin da aka gina makaranta a kansa tun 1976 ya shiga nan. Kuma in na karkara ne, sashe na 36 ya hana mai riƙe da shi yayyanka shi fuloti-fuloti ko miƙa wa wani, ya ce takardar da aka yi a kan haka banza ce, masu hannu a ciki kuma na iya fuskantar tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Tarar ta zama ba komai a yau, amma rushewar takardar na nan daram.

To ta yaya jami'a za ta sami filin bisa doka? Hanya ta farko ita ce hukumar da ke riƙe da shi ta miƙa mata tare da amincewar gwamna, ko ta ƙaramar hukuma in haƙƙin na gargajiya ne wanda ita ta bayar ƙarƙashin sashe na 6. Sashe na 21 da na 22 ke nan, sashe na 26 kuma ya rushe duk cinikin da ya saɓa musu. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa har masu riƙe da fili a birni tun kafin 1978 sai sun nemi amincewar gwamna.

Hanya ta biyu ita ce gwamna ya soke haƙƙin da ke kan filin saboda maslahar jama'a ƙarƙashin sashe na 28, sannan ya ba jami'a sabo. Nan ne ya kamata ku san iyakar ƙarfinku. Sashe na 51 ya lissafa ilimi cikin ayyukan amfanin jama'a, jami'ar gwamnati kuwa ilimi take bayarwa, saboda haka hujjar cewa "ba amfanin jama'a ba ne" ba za ta yi nisa ba. Abin da ke kayar da gwamnati a kotu shi ne tsallake ƙa'ida. Dole sokewar ta fito a rubuce da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, kuma a isar da sanarwar ga mai riƙe da filin ta hanyar da sashe na 44 ya shimfiɗa. A shari'ar Osho da Foreign Finance Corporation ta 1991 Kotun Ƙoli ta rushe sokewa saboda rashin isar da sanarwa da kuma karkatar da fili ga kamfani mai zaman kansa. A ta Dantsoho da Mohammed ta 2003 ta ce sabuwar takardar mallaka da aka bayar a kan filin da ba a soke haƙƙin farko ba ba ta da inganci. Ke nan ko jami'a ta nuna muku takarda mai hatimi, tambayarku ita ce: ina sanarwar soke haƙƙin da ya gabace ta, kuma wa aka miƙa wa?

Akwai hali na uku da ya fi muku tsauri. In bincike ya nuna tuntuni an yi wa filin rajista da sunan gwamnatin jiha ko ma'aikatar ilimi, to majalisar zartarwa na iya sauya masa aiki daga firamare zuwa jami'a, kamar mai kwashe kaya daga wannan ɗaki zuwa wancan a gidansa. A nan maganarku ta fi ƙarfi a gaban kwamishinan ilimi da kwamitin ilimi na majalisar dokoki fiye da gaban alƙali, kuma hujjarku ita ce sashe na 2 na dokar 2004 da ya wajabta wa gwamnati samar wa kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta.

Batun diyya ne ke ba mutane mamaki. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa bai biyan kuɗin ƙasa tsurarta. Abin da ake ƙiyasta shi ne gini, rijiya, katanga, itatuwa masu amfani da shuka. Filin ƙwallo da ba a gina komai a kansa ba kusan babu abin da za a biya a kansa, alhali shi ne inda za a ƙara ajujuwa nan da shekara goma. Shi ya sa ban ba ku shawarar ku mai da hankali kan kuɗi ba. Fili ko gini za ku nema a madadin abin da aka ɗauka.

Ka ce iyayenku ne suka ba da filin. Da wane lafazi suka bayar? In kyauta ce kai tsaye ga gwamnati, aka karɓa, aka yi gini, magada ba su da sauran haƙƙi. In kuwa wakafi ne domin karatun yara, ko an gindaya sharaɗin cewa na makaranta ne kawai, to mai kula da shi ɗan amana ne, ba ya sayarwa, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sa tambayoyin wakafi da kyautar Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Wakafi ba zai ɗaure hannun gwamna ba in ya bi sashe na 28, amma yana kashe iƙirarin ƙaramar hukuma cewa nata ne ta sayar, yana kuma ba magadan masu bayarwa ƙafar tsayawa a kotu. Duk wannan sai da shaida. Dattawan da suka halarci bayarwar a 1976 sun manyanta. Ku kai waɗanda ke raye rajistarar kotu cikin makon nan su yi rantsuwa a rubuce kan wanda ya bayar, da iyakokin, da abin da aka faɗa a wurin. Ku duba littafin tarihin makaranta da ke ofishin hedimasta da tsofaffin wasiƙun fadar hakimi.

Sannan ku ɗauki lauya ya yi bincike a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko hukumar rajistar filaye irin su KANGIS a Kano da KADGIS a Kaduna, ya gano ko akwai fayil, da sunan wa, da abin da aka shigar kwanan nan. Ku ɗauki ɗan safiyo mai rajista na kanku ya auna hekta huɗun ya fitar da taswira mai lamba. Ku rubuta wa shugaban SUBEB, da kwamishinan ƙasa, da magatakardan jami'a, kuna neman kwafin shawarar da aka yanke, da amincewar gwamna ko sanarwar sokewa, da rasit ɗin kuɗi. Ku ambaci Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa a kwafinku. Rasit ɗin nan yana da muhimmanci. In kuɗin ba asusun gwamnati suka shiga ba, magana ta tashi daga rikicin fili ta koma ta ICPC ko hukumar yaƙi da rashawa ta jiha.

Turakun da aka kafa ku bar su inda suke, ku ɗauki hotonsu da kwanan wata. Tumɓuke alamar safiyo laifi ne, kuma da matasa sun taɓa su za a kama shugabannin kwamiti, a bar batun fili a koma batun beli.

In ta kai ga kotu, Babbar Kotun Jiha za ku je, kamar yadda sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya nuna. Ko da jami'ar ta tarayya ce, Kotun Ƙoli a shari'ar Adetayo da Ademola ta 2010 ta ce rikicin mallakar fili ba na Babbar Kotun Tarayya ba ne. Abubuwa uku ke kashe irin wannan ƙara tun kafin a saurari gundarinta. Na farko, kwamitinku ba ƙungiya ce mai rajista ba, don haka a shigar da sunayen mutane, iyayen yara da magadan masu bayarwa, a madadin kansu da al'umma, ko da sunan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai in tana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Na biyu, dokokin da suka kafa jami'o'i da ƙananan hukumomi galibi suna buƙatar a ba su sanarwa kafin ƙara, yawanci wata guda, kuma tsallake ta na sa a kori ƙarar. Na uku shi ne lokaci. Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal na shigar da ƙara a kansu. Kotuna sun ce ba ta shafi ƙarar karɓo fili ba, amma ba hikima ba ce ku bari a ɓata muku shekara ana gardama kan wannan. Ku aika sanarwar yanzu. Umarnin dakatar da aiki ma ba a ba wanda ya yi jinkiri, kuma kotu ba ta dakatar da abin da aka riga aka gama. In katanga ta zagaye, kun rasa rabin ƙarfinku.

Ra'ayina shi ne kada ku tunkari jami'ar a matsayin abokiyar gaba. Garinku zai amfana da ita, kuma ita ma ba ta son fili mai rigima, domin za ta zuba gini na miliyoyi a kan takardar da kotu ke iya rushewa. Ku zauna da ita kuna riƙe da taswirarku da rantsuwar dattawa. Ku nemi a rage abin da za ta ɗauka yadda filin wasa da wurin ƙarin ajujuwa za su rage wa makaranta. In sai an ɗauki filin ƙwallo, a ba da madadinsa a wurin da ɗan aji ɗaya zai taka da ƙafa ba tare da tsallaka babban titi ba, kuma a miƙa shi kafin a fara haƙa harsashi. A yi wa ragowar filin katanga da takardar mallaka da sunan hukumar da ke riƙe da makarantar, domin kada a dawo baɗi a sake yanka. A rubuta cewa filin na gine-ginen karatu ne, ba za a raba shi fuloti ga ma'aikata ko wasu mutane ba, kuma abin da ba a yi amfani da shi ba cikin shekarun da kuka amince ya koma wa firamare.

Alƙawarin baki daga shugaban jami'a yana tafiya da shi ranar da wa'adinsa ya ƙare. Yarjejeniyar ta fito da amincewar majalisar gudanarwar jami'a, da sa hannun magatakarda, da na SUBEB, da na ma'aikatar ƙasa, a manna mata taswirar safiyo, a biya mata kuɗin hatimi, a yi mata rajista a ofishin filaye. Kwafi ɗaya a ofishin hedimasta, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a wurin lauyanku.