Lupus da juna biyu: amsar tambayoyinku

Daga Tibiri: Likita, ana ɗaukar lupus wajen wani?

A'a. Garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya. Ku ci kwano ɗaya, ba komai.

Daga unguwar Zariya: Na yi ɓari sau 3, gaɓoɓina na ciwo, kumatuna na ƙuraje idan na shiga rana.

Ƴar'uwa, ki je likita a duba ko lupus ne: a yi miki awon jini na ANA da na antiphospholipid, masu nuna ko garkuwar jiki na yaƙar jikinki, a duba fitsari. Ki ajiye man bilicin.

Daga Madarunfa: Shekara 3 ina da lupus, yanzu cikina wata biyu. Surukata ta ce ƙwaya na zubar da ciki, na daina sha, tana ba ni jiƙo. Ƙafafuna sun fara kumbura.

Ƙanwata, wannan tambaya ta hana ni sukuni. Na san Inna ba mugunta take nufi ba, jikanta take karewa. Amma wa ya auna jiƙon nan? Wa ya san abin da yake yi wa ƙoda, wadda dama lupus ke hari? Na gaji da ganin mata sun iso a makare saboda saiwa.

Hydroxychloroquine, maganin da aka saba bai wa masu lupus, ba ya zubar da ciki. Barinsa ne ke tayar da ciwon, ciwon kuwa idan ya tashi shi ke kawo ɓari da haihuwar bakwaini. Akwai dai waɗanda ke lahanta ɗan tayi, methotrexate da mycophenolate. Likita ne ke sauya miki su da wani magani, azathioprine, ba ke ba. Shi ya sa muke son ciwon ya lafa wata 6 kafin ciki.

Kumburin nan ne damuwata. Ko ƙoda ce, sai awon fitsari da hawan jini sun faɗa. Gobe ki iso Maradi, cibiyar uwa da ɗa, da duk kwalayen maganinki. Daga sati na 12 za a iya ba ki ƙaramin aspirin don kare jijjiga, kuma idan jininki na da anti-Ro, wani sinadarin garkuwar jiki da kan iya taɓa zuciyar ɗan tayi, a riƙa duba zuciyar jaririn tsakanin sati na 16 da na 26.

Ciwon kai mai tsanani, dishi-dishi, ko zubar jini, kada ki jira ranar awo. Diklofenak, maganin ciwon jiki na ƴan talla, shi ma haramun ne gare ki. Ki taho da Inna, ni zan yi mata bayani.