Mita ba ta ganin cikin batir

Kai yaro, ka ce tunda mita ta nuna bolt 3.3 a kowace ƙwayar batir, me zai hana mu ɗaure su yau mu ba mai kwale-kwalen kayansa, sai mun kashe kwana uku muna gwaji? Ajiye sukudireban nan ka zauna.

Irin gaggawar nan ce ta ci mini jaka 600 na sefa. A 2023, da Najeriya ta cire tallafin mai, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa daga can, ya yi tsada a nan Garwa ta Kamaru, masuntan tafkin Lagdo suka fara leƙowa suna tambayar injin kwale-kwale mai aiki da batir. Wani dattijo, mutumin kirki, ya kawo kuɗin da ya tara na shekara guda ya damƙa mini. Na je wurin wani ɗan kasuwa na ɗauko ƙwaya 16 na LiFePO4, wani nau'in batirin lithium, ledarsu shuɗiya sai sheƙi take, an rubuta amfa-awa 100 a jikin kowace, wato za ta ba da amfa 100 tsawon awa guda. Ya rantse mini sababbi ne dal. Na ɗora mita kamar yadda ka yi yanzu, na ga 3.3, na ce shi ke nan.

Lissafina bai da kuskure. 16 sau 3.2 ya ba da bolt 51.2, injin kilowat 2 yana jan amfa 40 ko kusa, wato ya kamata ya yi awa biyu da rabi a kan ruwa. Ko awa guda bai cika ba injin ya ɗauke, a tsakiyar tafki, rana ta kusa faɗuwa, ga dorina a ruwan. Tsohon nan da filafili ya tuƙo kansa har gaɓa, karfasar da ya kama rabi ta lalace. Da ya iso shagona bai zage ni ba, kallona kawai ya yi, kuma da zagin ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na kwance batirin na gwada ɗaya bayan ɗaya. Biyu a ciki ko amfa-awa 40 ba sa riƙewa. Tsofaffi ne aka sake wa riga. Wannan nau'in batir haka halinsa yake: ko ya kusa cika ko yana rabi, sabo ko tsoho, mita kusan abu guda take nuna maka. Ƙwayoyin da aka jera kuwa ayari ne, tafiyar gurgun ciki ake yi. Mai rauni na sauka 2.5, BMS, ɗan allon da ke tsaron batirin, ya yanke wutar duka, kuma aikinsa ya yi. Na mayar wa dattijon kuɗinsa daga aljihuna. Ɗan kasuwar ya buɗe baki ya ce ni na ƙona su! Har yau in na hango shi a kasuwa sai na sake hanya.

Zancen fis, kaurin waya da akwatin da ruwa ba ya shiga, ba zan ɓata yawuna ba, wanda bai san su ba ya koma sayar da rake. Kada dai ka bar kowa ya yi caji a cikin rana a watan Afrilu. Ku 'yan yanzu kun kalli bidiyon minti biyar a waya kun zama injiniyoyi, haƙurin zama gaban ƙwaya guda ya gagare ku.

Tashi ka cika kowace zuwa 3.65, ka sauke ta zuwa 2.5, ka rubuta abin da ta bayar a jikinta. Wadda ta yi nisa da 'yan uwanta, kawo mini ita nan.