Farar da ke ɓuya da wadda ke zama a fili

Ɗana, ɗazu muna ban ruwa ka ce mini: "Baba, me ya sa farar nan mai zane take zama a kan tumfafiya kowa na ganin ta, amma wadda muke ci sai mutum ya kusa taka ta kafin ya gan ta?" Na ce ka bari mu gama da albasa tukuna. To zauna ka ji.

Farar da muke ci, wadda mu Sakkwatawa muke ce wa hwara, kowa neman ta yake. Balbela na bin shanu don ta, shamuwa na zuwa da ruwan farko ta same ta, ga ƙadangare, ga kaji da zabi, ga mu. Ba ta da dafi, ba ta da harbi, sai Allah Ya ba ta riga irin ta wurin da take zaune. Da damina za ka ga da yawansu kore shar kamar ganyen gero, in kaka ta wuce sai ka riƙa samun masu launin kara da ƙasa. A inda aka ƙone ciyawa har baƙi-baƙi suke komawa. Ba kamar hawainiya take yi nan take ba, sai ta yi saɓa, ta tuɓe tsohuwar fata, sabuwar ta fito daidai da wurin. Kuma rigar ba ta amfani sai da natsuwa. Muddin ta lafe a jikin kara ba ka gan ta, tana motsawa asirinta ya tonu.

Ita kuwa ta tumfafiya ba ta da abin tsoro. Ka san farin ruwan nan da ke fita in an karya ganyen, wanda nake hana ka taɓa ido da shi? Shi ne abincinta, kuma gubar tana taruwa a jikinta. Tsuntsun da ya ɗanɗana ta sau ɗaya zai amayar, ba zai sake ba, kuma zanen nan ne yake tuna masa. In ka kama ta ma ruwa mai wari take fesowa. Kada ka taɓa sa ta a buhu tare da sauran, in kuwa ka riƙe ta, ka wanke hannu kafin ka ci komai.

Akwai mai ɓuya don farauta. Ƙoƙi-ƙoƙin da ka kashe shekaranjiya a cikin tattasai, raina ya ɓaci da shi ƙwarai, ban dai yi magana ba ne a gaban mutane. Bai taɓa cin ganye ba a rayuwarsa. Tsayawa yake kamar reshe, hannu a naɗe, har ƙwaro ya matso ya cafke. Ma'aikaci ne da ba mu biyan shi ko sisi. Shi ya sa ba na son ka ga ganye a ɓule ka ruga ka ɗauko injin feshi. Ka tsuguna tukuna, da sassafe raɓa ba ta bushe ba, ka juya bayan ganyen, ka nemi kashin tsutsa, ka duba ko daga gefe aka ci ko daga ciki. Ƙwaron nan da ake kira Sharon, wanda ya cinye tumatirin Arewa a 2016, cikin naman ganye yake shiga ya yi hanya, wanda bai iya dubawa ba sai ya yi ta zuba magani a banza yana kashe masu taimakonsa.

Batun ci kuma. Da hunturu ake kamu, cikin dare ko kafin asuba, don sanyi na ɗaure ta ba ta iya tashi. A haska tocila, a tsince ta da hannu. A tafasa da gishiri, a shanya, a cire fiffike da ƙafafun nan masu ƙaya, a soya da mai, a barbaɗa yaji. Mai ƙwai a ciki ta fi daɗi, wannan ba gardama. Halal ce: Abdullahi ɗan Abi Aufa ya ce sun yi yaƙi bakwai tare da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna cin fara. Sai dai malamanmu na Malikiyya sun ce sai an kashe ta da wani sanadi, kamar tafasawa ko cire kai, wadda aka tsinta ta mutu da kanta ba a ci.

Wannan hukuncin ka riƙe shi da hannu biyu, don a fadamar nan, daga Kwalkwalawa har Wurno da Goronyo, da wuya ka ga lambun da ba a feshi. Farar da ka tarar a kwance, ko tana tafiya kamar mai maye da rana tsaka, magani ta sha. Tafasawa da suya ba su isa ka amince da ita ba. A 2004, da farar ɗango ta sauka a Nijar aka bi ta da feshi, abin da aka yi ta gargaɗin mutane ke nan. Yaran da ke shigowa kamu nan, in mun yi feshi ka hana su, ko da za su ji haushinka. Ƙannenka ne za su saya a ƙofar gida.

Gobe in Allah Ya kai mu, kana sallame asuba ka zo da tocila. Za mu fara daga fangalin tattasai, kuma ba za ka taɓa ruwa ba sai ka nuna mini ƙwaro biyar da yatsa, ka gaya mini wanne ke cin ganye, wanne ke cin ɗan'uwansa.