Amsar Goggo kan takardar da ke hannunki

'Yata, saƙonki ya iso, na kuma kwana da shi a raina. Kin ce mijinki ya ba ki takarda, saki ɗaya, kin kwaso kayanki kin dawo gida. Yanzu uwarsa ta aiko a kai musu yaron tunda an yaye shi, har ana zancen mayar da sadaki, wai haka al'ada take.

Al'ada kam haka muka taso muka gani, amma alƙali ba da ita yake hukunci ba.

Takardar nan ki naɗe ta a leda ki sa a ƙasan akwati, domin daga ranar da ya sake ki ake lissafin idda, tsarki uku. Sakin naki shi malamai ke kira raja'i: kafin idda ta cika yana iya mayar da ke ba tare da sabon sadaki ba. In ta cika kuwa, sai da yardarki da sabon ɗaurin aure. Da kin tambaye ni tun farko da na hana ki fita. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da mace daga ɗakinta, kuma cinki da shanki suna wuyansa har ki gama. Mu mata ne muka ɗauki zaman a matsayin rashin zuciya. Ni ma a zamanina tawada ba ta bushe ba na ɗaure kwanukana, har yau ina nadama.

Sadaki naki ne, tunda shi ya yi sakin. Ana mayarwa ne a kul'i, inda mace ta nemi fansar kanta, kamar yadda matar Sabitu bin Ƙaisu ta mayar masa da gonarsa a zamanin Manzon Allah (SAW). Wadda ta kawo shaidu cewa ana dukanta ko ba a ciyar da ita kuwa, alƙali ne zai raba auren, ba ta biyan ko kwabo.

Maganar yaron ce ta fi ci mini rai. Riƙo, wato hadana, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Yaye ba ya yanke shi. Abinci, sutura da magani na uba ne. Ko kin yi wani auren, mahaifiyarki ce ke gaba da tasa.

Kada ki yi gaggawar kotu. A fara da manya, in ya gagara a je Hisba neman sulhu. In nan ma ya ƙi, sai kotun shari'a: ki shigar da ƙara wurin magatakarda, a aika masa sammaci, ki zo da shaidunki. Hukuncin da bai gamsar da ke ba ana ɗaukaka ƙara a kansa.

Na yi magana da babanki, zai je ya ga mahaifin mijinki bayan sallar Juma'a. Kafin nan kada ki miƙa yaron ga kowa. In kuma mijinki ya aiko cewa ya mayar da ke, a yi shi gaban shaidu biyu.