Likita na Amsawa: Yaron da Ba Ya Waiwayowa In An Kira Sunansa

Tambaya: Likita, ɗana shekararsa 4, muna zaune a Talaje, Yamai. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, abin da aka ce masa shi yake maimaitawa, yini yake yi yana jera murafun kwalba. Madam ɗin jardan ta ce in riƙe shi gida sai ya yi baki. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu da ɗawainiya, ƴar'uwa. Abin da kika zayyana ya yi kama da galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, amma ba a yanke hukuncinta ta wasiƙa. Ba ta fita a gwajin jini ko hoton kai. Yaron ake lura da shi, a yi wa iyaye tambayoyi. Ki fara da likitan kunne, don na sha ganin kurumta ta yi shigar galahanga. Daga nan sai likitan yara, misali a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Ki riƙe karnensa, wato ɗan littafinsa na asibiti, ki kuma ɗauki ɗan bidiyonsa a salula yana wasa a gida, domin yaro a gaban farar riga daban yake.

Abin da zan fi jaddada miki shi ne takarda. Ki roƙi likita ya rubuta abin da ya gani da abin da yaron ke bukata, ko da bai kai ga ambaton sunan lalurar ba. Da ita za ki je wajen diraktan lakkol, tun kafin komawar Oktoba, kuma kada ki ce kawai "a taimaka mana". Ki faɗi abu takamaimai: a zaunar da shi gaba, nesa da ƙofa, a yi masa magana gajera, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a nuna masa hoto kafin a sauya aiki, in hayaniya ta ishe shi ya toshe kunnuwa, a bar shi ya fita ya huce, ban da bulala. Duk wannan ba ya cin ko dala. In an ƙi, ki kai takardar ofishin sufeton makarantu na yankinku. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman a 2008, kuma karatu tare da sauran yara na ciki. Zaman gida kuwa ba ya kawo baki.

Tambaya: Daga Tawa. Surukata ta ce allurar ƙyanda ce ta jawo wa ƴarmu wannan.

Amsa: Ba ita ba ce, Malam. Rahoton 1998 daga Ingila da ya haddasa zancen an janye shi a 2010, an kuma soke lasisin likitan da ya jagoranci rubuta shi. Alamomin ne ke fitowa daidai shekarun rigakafi. Ku lallashi Inna, ku kai ƙannenta a yi musu.

Tambaya: Jikana yakan ƙame, ido ya kafe, wani lokaci ya faɗi. An ce iska ce, muna ta rubutu da hayaƙi.

Amsa: Baba, addu'a kam a ci gaba, amma a daina turara shi, hayaƙi na cutar da ƙirjin yaro. Wannan ya fi kama da farfaɗiya, wadda takan zo tare da galahanga, kuma ita tana da magani. In ta taso, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali a baki. In ta wuce minti 5, asibiti kai tsaye. Ko ba ta sake tasowa ba, ku kai shi a duba shi cikin makon nan.